Ramin da ke Wuyan Hannu, da Abin da Na Gani a Ɗakin Gashi

 

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka juya tafin hannunka sama, ka dubi layin nan da ya raba tafi da sangalin hannu, to daga nan zuwa gindin tafin akwai wani ɗan rami a ɓoye, wanda faɗinsa bai wuce inci guda ba. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne suka jeru suka lanƙwasa kamar ƙoƙo suka yi masa ƙasa da bango, sannan wani kakkauran tantani mai tauri ya rufe shi daga sama. Ramin ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Yadda aka halicce shi haka yake zaune.

Abubuwa 10 ne suke ratsawa ta cikinsa. Guda 9 fararen igiyoyi ne masu santsi, waɗanda suka taso daga tsokar sangali suka nufi yatsu, su ne ke jan yatsun idan ka dunƙule hannu, kamar yadda linzami ke jan kan doki. Ta 10 kuwa ita ce mai kai saƙo tsakanin hannu da ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira jijiyar tsakiya. Mu Hausawa mun tara su duka a ƙarƙashin suna ɗaya: wadda jini ke gudana a cikinta jijiya ce, mai jan ƙashi jijiya ce, mai kai saƙon ma jijiya ce. Don kada zance ya cakuɗe mana, zan riƙa kiran masu jan yatsu igiyoyi, in bar sunan jijiya ga mai saƙon ita kaɗai. Su igiyoyin masu juriya ne, ko an matse su ba su cika damuwa ba. Jijiyar ce mai laushi. Duk abin da ya ƙara cunkoso a ramin nan, kumburi ne ko taruwar ruwa ko yawan lanƙwasa hannu, ita ce ke fara ji a jikinta. Wannan shi ne ciwon matsewar jijiyar wuyan hannu, wanda za ka ji likitoci suna kira kapal tanel.

Alamarsa ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya lura. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe su ne ke sagewa, su yi dindiris, ko ka ji kamar ana tsira maka allurai. Ƙaramin yatsa ba ruwansa, domin wata jijiya ce daban ke kula da shi. Kuma ciwon ɗan dare ne. Mutum yana barci ya lanƙwashe hannu ƙarƙashin kumatu ko matashi, can tsakar dare zugi ya tashe shi, ya zauna yana yarfe hannu kamar wanda ya taɓa garwashi, har abin ya lafa.

Ba sabon ciwo ba ne. Tun a shekarar 1854 wani likita a Landan, James Paget, ya bayyana yadda jijiyar nan ke matsewa bayan karayar wuyan hannu. Amma wanda ya fito da shi fili sosai shi ne George Phalen, likitan tiyatar hannu a Amurka, daga shekarar 1950 zuwa gaba. Gwajin da ake yi wa marasa lafiya har yau sunansa yake ɗauke da shi: ka saki hannuwa su lanƙwashe, yatsu na kallon ƙasa, ka tsaya haka minti 1, idan yatsun nan suka fara sagewa, to akwai magana. A 1981 kuma Richard Gelberman da abokan aikinsa suka zura ɗan siririn bututu cikin ramin suka auna matsin da ke ciki, da irin ma'aunin da ake ƙirga hawan jini. A hannun mai lafiya matsin bai kai 3 ba. A hannun mai ciwo, ko yana miƙe, ya kai 32. Da ya lanƙwasa shi gaba sai ya kai 94, da ya banƙare shi baya ya kai 110. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, domin duk abin da ake yi a ɗakin gashi a kansu aka gina shi.

Wa yake kamawa? Mata sun fi maza, kusan ninki 3. Masu juna biyu, musamman a watannin ƙarshe, saboda ruwan da jiki ke tarawa. Da yawansu kuma suna warkewa bayan haihuwa. Masu ciwon suga, da masu ƙiba, da masu amosanin gaɓɓai, da waɗanda halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod ta yi rauni. Sai masu aikin da ya haɗa damƙa da ƙarfi da maimaitawa, ko riƙe abin da ke karkarwa. A Suwidin an yi wani bincike da aka buga a 1999, aka samu kusan mutum 14 cikin 100 suna kukan sagewar waɗannan yatsu, amma waɗanda gwaji ya tabbatar musu da ciwon ba su kai 3 cikin 100 ba. Ashe ba kowace sagewa ce wannan ciwo ba. Wata daga wuya take tasowa, wata kuma aikin suga ce a jijiyoyin jiki gaba ɗaya. A nan gida, in ka duba masu daka da surfe, da masu matse wanki, da masu kitso, da masu ɗinkin hula, da masu tsayawa kan injin markaɗe, da masu tuƙa babur ko A Daidaita Sahu daga safe har dare, za ka ga irin hannuwan da ake nufi.

To, kwamfuta da wayar salula fa? Na san ita ce tambayar da ke ran yawancin masu ziyartar wannan shafi. Gaskiyar magana, hujjar da ke cewa buga rubutu kawai yana haifar da ciwon ba ta da ƙarfi kamar yadda ake zato. Sai dai wanda abin ya riga ya fara taɓa shi, idan ya kwanta rigingine ya ɗaga waya sama da lanƙwasasshen hannu na tsawon sa'a guda yana bin Facebook ko WhatsApp, ba sai an gaya masa ba, yatsunsa za su ba shi labari.

Ni nawa ya fara ne a ƙarshen 2022, a hannun dama, lokacin da na haɗa aikin buga takardu da doguwar tafiya a kan babur safe da yamma. Bayan likita ya duba ni, ya sa an gwada suga, sai ya tura ni sashen gashin ƙashi. Sunan nan "gashi" yana ruɗar mutane. Da yawa sun ɗauka wuri ne da ake sa wa mutum tsumma mai zafi a gasa shi ya tafi. Akwai zafin, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Mutanen nan digiri suke yi a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashensu.

Wadda ta karɓe ni ba ta fara da motsa jiki ba. Abin da ta fara miƙo mini maɗauri ne na yadi mai ɗan ƙarfe a ciki, wanda ke riƙe wuyan hannu a miƙe. Ta ce, "Malam, da dare kawai za ka riƙa sawa, mako 6, ba fashi." Har sai da ta cire ƙarfen ta ɗan miƙar da shi, domin yawancin waɗanda ake sayarwa a kanti an yi su ne a ɗan banƙare, wanda ya dace da wasu ciwuka amma ba wannan ba. Na ce, "Likita, shi ke nan?" Ta ce a yanzu dai shi ne babba. Dalilin a fili yake ga wanda ya riƙe lambobin can na sama: idan hannu ya kwana a miƙe, jijiya ta sami sa'o'i 7 ko 8 tana hutawa, jini yana isarta. Cikin mako 2 na daina farkawa da dare, kuma ban san darajar barci mai haɗe ba sai a lokacin.

Daga nan ta koya mini abin da take kira zamiyar igiyoyi. Hannu a tsaye, wuyansa a miƙe. Ka buɗe yatsu duka. Ka lanƙwasa gaɓoɓin sama kawai, su yi kamar ƙugiya. Ka sake buɗewa, ka dunƙule a hankali ba tare da matsi ba. Ka buɗe, ka karya yatsun daga gindinsu suna miƙe, su yi kamar tebur. Sannan ka sauke kawunansu su taɓa gindin tafi. Kowanne ka tsaya daƙiƙa 5, ka zagaya sau 5, sau 3 a rana. Manufar ita ce kowace igiya ta zame ta gefen 'yar'uwarta, kada su manne, kuma ruwan da ya taru a wurin ya sami hanya. Akwai irinsa na jijiyar kanta, inda ake farawa daga dunƙule, a buɗe yatsu, a ɗan banƙare hannu, a ware babban yatsa, a juya tafi sama. Wannan ta ja mini kunne a kansa matuƙa. Ta ce jijiya ba tsoka ba ce da za a ja ta har a ji zafi a ce ana samun ci gaba. Da zarar sagewa ta taso, an wuce iyaka, a koma baya.

A wannan tsakanin ne wani abokina mai son ɗaga ƙarfe ya kawo mini ƙwallon roba, ya ce in riƙa matsawa sau 100 kullum, hannun ya yi rauni ne. Da na nuna mata ƙwallon sai ta yi dariya, ta ce in ajiye ta tukuna. Bayanin da ta yi mini shi ne ya fi komai zama a raina. Duk lokacin da ka damƙi abu da ƙarfi, igiyoyin nan 9 suna ɗaurewa su danna jijiya. Bugu da ƙari, akwai wasu ƙananan tsokoki a cikin tafi da ke manne da igiyoyin. Idan ka dunƙule hannu sosai, ana jan su su kutsa cikin ramin, wurin da dama ba shi da sarari. Wato mai matsa ƙwallo yana ƙara wa ɗaki cunkoso ne alhali ana neman a rage. Raunin da mai wannan ciwo ke ji ba na rashin aiki ba ne, saƙo ne ba ya isa ga tsoka. Wannan shawara ta ƙwallo ta cika intanet, kuma ina ganin ta fi cutar da mutane a kan wanda bai yi komai ba.

Motsa jiki na ƙarfafa tsoka yana da wurinsa, amma a ƙarshe yake zuwa. Sai da na yi kusan wata 2, dare ya yi lafiya, rana ma sagewar ta zama jefi-jefi, sannan ta buɗe wannan babi. Mun fara da turawa ba motsi: in sa tafin hagu a kan bayan hannun dama, in tura sama, hagu ta hana, daƙiƙa 5. Sai robar ɗaure kuɗi, a zagaya ta a kawunan yatsu 5 a riƙa buɗewa, don ƙarfafa tsokokin da ke buɗe hannu, waɗanda ba su bi ta cikin ramin ba. Sai gorar ruwa ta rabin lita, wato nauyin rabin kilo, sangali a kan tebur, a ɗaga a sauke a hankali, ba tare da kai wuyan hannu ƙarshen lanƙwasarsa ba, sau 10, a huta, a sake, kuma ana tsallake rana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rabin lokacin a kafaɗa da baya muka ɓatar. Ta sa na nemo tsohon tif na keke na ɗaure a ƙarfen taga, ina ja zuwa ƙirji ina haɗe allunan kafaɗa. Ta ce jijiyar nan daga wuya ta taso, ta bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya, ta ratsa hammata da gwiwar hannu kafin ta iso ramin. Wanda ke zama a duƙe, kai a gaba, yana wahalar da ita tun daga tushe, kuma idan kafaɗa ba ta riƙe nauyinta ba, wuyan hannu ne ke biya. Ƙa'idar duka guda ce: in motsin yau ya dawo da farkawar dare, gobe a rage. Wannan tsarin da aka yi wa hannuna ne bayan an duba shi, na kawo shi ne don mai karatu ya ga yadda abin ke tafiya daki-daki.

Sai dai kada in yi wa motsa jiki kirarin da ya fi ƙarfinsa. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike-binciken likitanci, ta tattara bincike 16 da aka yi a kan mutum 741, ta ce hujjar amfanin irin waɗannan motsi kaɗan ce kuma mai rauni. A ɗaya ɓangaren, wani bincike da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen, aka buga a 2015, ya raba mata 120 gida biyu, rabi aka yi musu tiyata, rabi aka yi musu gashi na hannu tun daga wuya har yatsu. A watannin farko 'yan gashi sun fi samun sauƙi, bayan shekara guda kuma sakamakon ya yi kusan daidai. A Ingila, binciken 2018 a kan mutum 234 ya nuna allurar rage kumburi a cikin ramin ta fi maɗaurin dare saurin aiki a mako 6 na farko, daga baya tazarar ta ragu. Abin da na fahimta daga wannan duka shi ne, ga ciwo mai sauƙi ko matsakaici, gashi da maɗauri sun cancanci a ba su wata 2 ko 3, domin ba su da tsada kuma ba su da haɗari. Ga wanda ya yi nisa kuwa, labarin daban ne.

Na ga wannan da idona a hannun gwaggona. Shekara sama da 30 tana ɗinkin hula, da shi ta aurar da 'ya'ya, kuma tana da suga. Ta daɗe tana cewa sanyi ne. An shafa man zafi, an yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe. Ranar da na je gaishe ta da maɗaurina a jaka, sai na ga allura ta suɓuce daga yatsunta har sau biyu ba ta ji ba. Na ce, "Gwaggo, kawo hannun in gani." Tudun tsokar nan da ke gindin babban yatsa ya lotsa, ya zama kwari. Ta ce, "Ai ɗan nan na ji sauƙi, yanzu ko zugin daren ma ya ragu." Wannan magana ce ta tsorata ni, domin an riga an gaya mini cewa idan jijiya ta fara mutuwa, kukanta yana raguwa. Sagewar da ba ta tafiya dare da rana, da lotsewar tsokar nan, da faɗuwar abubuwa daga hannu, da kasa ɓalla maɓalli, su ne alamun da ke cewa lokacin roba da gora ya wuce.

An yi mata gwajin da ake auna gudun saƙo a jijiya da ɗan lantarki, ya nuna matsewa mai tsanani, aka sa ranar aiki. Aikin kansa ɗan ƙarami ne, yawanci ba ya kai rabin sa'a, hannun kawai ake kashewa, a tsaga tantanin da ya rufe ramin don ya buɗe. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. A nan ne gashi ya sake shigowa, kuma a nan na ga amfanin ƙarfafa tsoka ƙarara. Tun kwanakin farko aka sa ta motsa yatsu don kada igiyoyi su manne da tabo. Bayan rauni ya rufe, aka koya mata murza tabon da man kaɗanya, da cusa hannu cikin kwanon gero tana lalubo ƙwayoyin wake da aka ɓoye, don fata ta sake sabawa da taɓi. Sai matse soso a ruwan ɗumi, sai tsinke da maƙalar shanya, sai daga baya ƙwallon nan da aka hana ni, domin yanzu ramin ya sami sarari. Wani binciken Amurka na 1989 ya nuna cewa ƙarfin damƙa yana sauka zuwa kashi 28 cikin 100 a mako na 3 bayan aiki, ya kai 73 a mako na 6, ya koma yadda yake a wata na 3, ya zarce a wata na 6. Da na gaya mata haka hankalinta ya kwanta, don a mako na 4 ta fara cewa an lalata mata hannu, ko buta ba ta iya ɗauka.

Ita jijiya ba a yi mata gaggawa. Inda zaruruwanta suka mutu, tsirowar da suke yi ba ta wuce kusan milimita 1 a rana. Sai da aka yi wata 8 kafin gwaggo ta iya bambance zare da kan yatsa ido a rufe. Ta koma ɗinki, amma tudun tsokar bai cika kamar da ba, kuma hula mai ƙananan aiki da take gamawa a mako 3 yanzu tana kai ta mako 5. A kan hannun hagu, da ya fara irin tasa alamar, ba ta yi gardama ba: ita da kanta ta aiko a sayo mata maɗauri.

Akwai wuri guda da ciwon nan ke haɗuwa da mu sau da yawa a kowace rana, wato sujjada. A nan hannu yana banƙarewa baya kuma nauyi yana kansa, musamman wajen miƙewa ga mai dogara da hannuwa. Abin da na samu ya yi mini sauƙi shi ne in ɗan gabatar da tafukan zuwa daidai kunnuwa don kada wuyan hannu ya karye sosai, in bar yawancin nauyin a kan gwiwoyi, kuma in miƙe da ƙarfin cinya. 'Yan daƙiƙun sujjada ba su ne ke haifar da ciwon ba, tsawon lokaci a lanƙwashe shi ne matsala. Gwaggo kuwa, a makonnin farko bayan aiki, ta tambayi malami, ta yi sallarta gwargwadon ikonta, ya kuma yi mata bayanin yadda za ta yi da alwala alhali bandeji na hannu.

Yanzu na rage tafiyar babur, na naɗa wa maƙamarsa soso mai kauri, na ɗaga kujerar aiki yadda sangali zai yi daidai da tebur, kuma duk rabin sa'a ina sakin hannu in yi zamiyar nan sau 5. Maɗaurin yana nan a durowa. Shekarar 2024 na ɗauko shi sau biyu, duka a makonnin da aiki ya yi yawa, na sa shi kwana 10 abin ya lafa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.